Hayaƙin Mota da Haƙƙin Talaka

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan gadar masu tafiya da ƙafa ta Oshodi da misalin ƙarfe bakwai na safe, ya miƙa ido ga titin da ya nufi Agege, lalle ya ga wani hazo toka-toka yana lilo bisa kan motoci, sai ka ce hunturu ne ya sauka, alhali kuwa ana tsakiyar damina. Wannan hazo daga salansar motoci yake fitowa, danfo da tirela da tankar mai da ƙananan motocin ma'aikata, waɗanda cunkoso ya ɗaure su wuri guda, injunansu na ta ruri, ba gaba ba baya.

In mai kallon ya sauke idonsa ƙasa, zai ga mutane iri biyu a cikin hazon. Ga wani a kujerar baya ta ƙatuwar mota, daga shi sai direbansa, an ɗage gilashi, na'urar sanyaya iska tana aiki. Ga kuma yaro mai tallar ruwan leda yana ratsawa tsakanin motoci, da mace mai goyo tana suyar ƙosai a bakin kwata, da ɗan sanda mai ba da hannu, da 'yan dako, da fasinjojin danfo da aka ɗura kamar gyaɗa a buhu. In da za a raba man da aka ƙona a wannan safiya bisa ga kawunan mutane, na cikin ƙatuwar motar shi ne zai ɗauki kaso mafi tsoka, kuma shi ne wanda hayaƙin ya fi ƙyalewa. Kura ke nan da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

A 'yan shekarun nan mahukunta sun yawaita maganar sauya yadda ake jigilar jama'a, a rage ƙona fetur da man dizal, a koma ga jirgin ƙasa da manyan bas da iskar gas da lantarki. Magana ce mai kyau, ba mai hankalin da zai ƙi ta. Sai dai akwai tambayar da ya kamata ta riƙa tafiya tare da ita duk inda ta shiga, watau wa zai biya kuɗin wannan gyara? Tarihin birnin Legas na shekara hamsin da suka wuce ya isa ya nuna cewa duk gyaran sufurin da aka yi ba tare da an dubi aljihun talaka ba, bai tsabtace iska ba, bai kuma rage cunkoso ba, illa dai ya ƙara wa mai wahala wahala.

Abin da ke cikin hayaƙin

Baƙin hayaƙin da ido ke gani shi ne mai sauƙi. Abin da ya fi tayar wa likitoci hankali wasu ƙwayoyi ne ƙanana ƙwarai, waɗanda kaurinsu bai wuce kashi ɗaya cikin talatin na silin gashin kai ba. Gashin hanci ba ya tare su, tari ba ya fitar da su, sukan wuce har ƙarshen huhu, daga can wasu su shiga jini. Su ne ke haddasa ciwon huhu ga yara, su tsananta asma, su kuma taimaka wajen kawo ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki ga manya. Da yake ba sa kayar da mutum nan take kamar haɗarin mota, sai a yi jana'iza a watse ba wanda ya ambaci titi.

Wani bincike da Bankin Duniya ya buga a 2020 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2018 kaɗai, gurɓatacciyar iska ta yi sanadin mutuwar mutane wajen 11,200 a Legas, kuma kashi 60 cikin ɗari na waɗanda suka mutun yara ne da ba su kai shekara biyar ba. Asarar da aka yi ta fuskar jinya da rasa rayuka an ƙiyasta ta a kan dala biliyan 2.1. Binciken ya sami awon waɗannan ƙwayoyi a iskar birnin ya kai 68, a lokacin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce 10, kāna a 2021 hukumar ta sake rage wannan iyaka zuwa 5. Motoci ne binciken ya sa a sahun gaba na masu laifi, sa'an nan masana'antu da janareto.

Bayan cutar da ke kama mutum a bakin titi, akwai wadda ke kama duniya baki ɗaya. Kowace lita ta fetur in ta ƙone takan saki iskar kabon da nauyinta ya haura kilo biyu, ita kuwa wannan iska taruwa take yi a sama tana riƙe zafin rana, har yanayi ya rikice. Nahiyar Afirka duka ba ta fitar da ko kashi huɗu cikin ɗari na wannan iska a duniya, amma tana cikin masu ɗanɗana kuɗarta. Ambaliyar 2022 ta kashe mutane fiye da 600 a Nijeriya, ta raba fiye da miliyan ɗaya da gidajensu, ita kuwa Legas tana zaune ne dab da bakin teku, unguwanninta da yawa ba su ɗara ruwan da kome ba. A watan Nuwamba na 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya yi alkawari a taron Glasgow cewa kafin 2060 Nijeriya za ta daidaita abin da take fitarwa da abin da take iya shafewa. Wannan alkawari ba zai cika ba muddin tituna suna yadda suke.

Yadda aka zo nan

Dattawa ba su manta da kuɗin Udoji ba. A farkon 1975 aka ƙara wa ma'aikata albashi, aka haɗa musu da bashin watannin baya, kuɗin mai kuwa yana ta kwarara cikin baitulmali. A wannan shekara ce kamfanin Peugeot ya soma haɗa motoci a Kaduna, Volkswagen kuma a Legas. Kowa ya sami hali sai ya sayi mota ko babur, har mallakar mota ta zama ita ce shaidar cewa mutum ya zama wani abu. Kafin a ankara titunan Ikko sun toshe. A 1977 hukuma ta kafa wata doka, ta ce motar da lambarta ta soma da mara, kamar 1 ko 3 ko 5, tana da ranakunta na shiga manyan titunan birni, mai cika kuma, kamar 2 ko 4 ko 6, tana da nata. Masu hali ba su ɓata lokaci ba, suka sayi mota ta biyu mai ɗaya lambar, suka ci gaba da fita kullum. Ƙaramin ma'aikaci mai mota ɗaya shi dokar ta kama. Motoci suka ƙaru a birnin maimakon su ragu.

Gwamna Lateef Jakande ya gane cewa maganin yana ga jirgin cikin gari, wanda zai kwashi dubban mutane a tashi ɗaya. A 1983 aka aza harsashin aikin, amma kafin a yi nisa soja suka karɓi mulki a ƙarshen shekarar, a 1985 kuma gwamnatin Janar Buhari ta soke kwangilar saboda matsin tattalin arziki, aka yi asarar miliyoyin daloli ba a ga ko taragu ɗaya ba. Sai da Legas ta jira shekara arba'in cif daga ranar aza harsashin kafin mutanenta su hau jirgin cikin gari. A cikin waɗannan shekaru birnin ya ninka kansa sau da yawa, jama'a suka bazu har iyakar Jihar Ogun, ma'aikaci ya koma yana barin gida tun kafin kiran assalatu don ya isa ofis ƙarfe takwas.

Daga 1986, sa'ad da aka shiga shirin tsuke bakin aljihu darajar naira ta faɗi, sabuwar mota ta gagari ma'aikaci, motocin haya na gwamnati suka lalace ba kayan gyara. Giɓin da aka bari sai tsofaffin motocin Turai suka cike shi, waɗanda Yarabawa ke kira tokumbo, Hausawa kuma 'yan Kwatano, tare da su kuma sana'ar acaɓa ta kafu. Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙirga cewa tsakanin 2015 da 2018, Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14, kashi 40 cikin ɗari kuwa Afirka aka kawo su. Da yawansu sun faɗi jarrabawar hayaƙi a ƙasashensu. Daɗin daɗawa, akwai wata na'ura a cikin salansa mai tace dafin hayaƙi, wadda makanikai suka laƙaba wa suna indomi, sau da yawa akan cire ta a sayar saboda ƙarfe mai daraja da ke cikinta, motar ta ci gaba da yawo tana fesa dafinta ɗanye.

Shi kansa man da ake zubawa bai tsira ba. Shekara da shekaru ƙa'idar Nijeriya ta yarda man dizal ya ƙunshi farar wuta har kashi 3,000 cikin miliyan, alhali a Turai ba a yarda ya wuce kashi 10 ba. A 2016 wata ƙungiya ta ƙasar Suwizalan mai suna Public Eye ta tona yadda 'yan kasuwar mai ke haɗa wani mai na musamman mai yawan datti a tashoshin ruwan Turai domin kasuwannin Afirka kawai. A 2020 ƙasashen ECOWAS suka amince a tsaya a kashi 50. Wannan gyara ne da ke amfanar kowa a lokaci guda, mai mota da mai tafiya a ƙasa, kuma an taɓa yin irinsa an ci nasara, domin kuwa a dā akan zuba dalma cikin fetur, mai lalata ƙwaƙwalwar yara, amma ƙasashen Afirka na kudu da Sahara suka daina a farkon 2006, a 2021 kuma aka rabu da ita a duniya duka. Abin da ya rage shi ne a riƙa auna man a tashar ruwa da matata da gidajen mai, a kuma buga sakamakon kowa ya gani.

Bas da jirgi

Gaskiya ta wajabta a faɗi abin kirkin da aka yi. A watan Maris na 2008, zamanin Gwamna Babatunde Fashola, aka buɗe hanyar manyan bas da ake kira BRT daga Mile 12 zuwa CMS, tsawon kilomita 22, aka keɓe musu layinsu na kansu da ba a yarda wata mota ta shiga ba. Ita ce irinta ta farko a Afirka kudu da Sahara, ba da jimawa ba kuma ta riƙa ɗaukar mutane wajen 200,000 a rana. Daga baya aka miƙa ta zuwa Ikorodu, aka kuma buɗe wata daga Oshodi zuwa Abule Egba. Hikimar abin a fili take. Bas ɗaya mai ɗaukar mutum saba'in tana yin aikin ƙananan motoci arba'in ko hamsin, da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba na mai da filin titi. Adalcinsa kuma ya fi hikimarsa, domin a karo na farko an ga masinja a cikin bas yana wuce manajansa da ya maƙale a cunkoso.

Ran 4 ga Satumba, 2023, jirgin da ake kira Layin Shuɗi ya soma ɗaukar fasinja daga Marina zuwa Mile 2, kilomita 13, tasha biyar, jirgi ne kuma da aka gina domin ya yi aiki da lantarki. Tafiyar da kan cinye sa'a biyu a mota ta koma ƙasa da rabin sa'a. A watan Oktoba na 2024 Jan Layi ya biyo baya, daga Agbado zuwa Oyingbo, kilomita 27, ya ratsa ta Agege da Ikeja da Oshodi da Mushin da Yaba, ko da yake shi da man dizal ya soma aiki.

To, amma sai a yi lissafi. Sa'ad da aka buɗe Layin Shuɗi, cikakken kuɗin tafiya daga farko zuwa ƙarshe naira 750 ne. Wanda zai je ya dawo kwana 22 a wata zai biya naira 33,000, mafi ƙarancin albashi na ƙasa kuwa a lokacin naira 30,000 ne. Gwamnatin jihar ta yi rangwamen rabi na wani lokaci, amma ko da rangwamen sai ma'aikacin ya ba da fiye da rabin albashinsa, bai kuma biya kuɗin abin da zai kai shi tasha daga gida ba. An ɗaga albashin zuwa naira 70,000 a 2024, farashin kome kuma ya riga shi tashi. Jirgin da mai gadi da mai shara ba za su iya hawa ba ya rage wa wasu wahala, bai taɓa tushen matsalar ba. A manyan biranen duniya gwamnati ce ke cike giɓin kuɗin jirgi da bas, domin an san ribarsu tana fitowa ne a asibiti da wurin aiki, ba a akwatin mai sayar da tikiti ba.

Ɗan acaɓa

Babu inda wannan tambaya ta fi zafi kamar a kan 'yan acaɓa, waɗanda a kudu ake kira okada. Dubban samari daga Borno da Yobe da Jigawa da Kano da Katsina da Zamfara da Sakkwato, har da Jamhuriyar Nijar, sun gangaro Legas suna wannan sana'a, wasu rikicin Boko Haram ya koro su, wasu 'yan bindiga suka hana su noma, wasu kuma gonar ce ta daina ciyar da gida. Suna kwana a Agege da Idi-Araba da Mile 12, suna aika abin da suka samu ga iyaye da mata da 'ya'ya. Dokar hanya ta 2012 ta hana su bin tituna 475. A watan Fabrairu na 2020 aka hana babur da Keke Napep a manyan sassan birnin, ran 1 ga Yuni, 2022 kuma aka haramta acaɓa ɗungurungum a ƙananan hukumomi shida, watau Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Apapa, Legas ta Tsibiri da Legas ta Tudu, daga baya aka ƙara wasu huɗu. Baburan da aka kama aka tara su dubbai aka murƙushe da injin a gaban 'yan jarida.

Dalilan da hukuma ta bayar ba na banza ba ne. Haɗarin babur ya cika asibitin ƙashi na Igbobi da masu karaya, ɓarayi sun yi amfani da shi, wasu 'yan acaɓan kuma ba su san dokar hanya ba, ba su kuma nemi su sani ba. Duk da haka acaɓa ba ta faɗo daga sama ba, bukata ce ta haife ta. Lungunan da bas ba ta shiga, da unguwannin da ba kwalta, da tazarar da ke tsakanin ƙofar gida da tashar jirgi, su ne abincin ɗan acaɓa, kuma ranar da aka kore shi waɗannan ba su gushe ba. Fasinja ya koma yana taka sayyadarsa cikin rana, shi kuma saurayin da ya ci bashi ya sayi babur ya rasa jari da sana'a a yini ɗaya. Kano ta ga irin wannan. A watan Janairu na 2013, bayan harin da aka kai wa Sarki Alhaji Ado Bayero, aka hana ɗaukar fasinja a babur, da yake kuwa ba a tanadi manyan motocin haya da za su maye gurbi ba, sai A Daidaita Sahu ta cika gari maƙil, hayaƙi da cunkoso suka sauya kama kawai. Tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da biri an sayi kare.

Akwai wata hanya da ta fi murƙushewa. A Kigali ta ƙasar Ruwanda, da Kwatano da Lome, 'yan acaɓa da yawa sun koma ga babur mai aiki da batir. In batirin ya yi sanyi, mutum ya shiga rumfar musanya ya ajiye shi ya ɗauki cikakke cikin 'yan mintoci, ya biya kuɗin cajin kawai, kuɗin babur ɗin kuma yana biya kaɗan-kaɗan daga cinikin yau da gobe. Ba hayaƙi, ba ƙara, ba juyen baƙin mai. Daga Janairu na 2025 hukumar Ruwanda ta daina yi wa sabon babur mai shan fetur rajistar haya a Kigali, amma ba ta ƙwace na wanda ya riga ya mallaka ba. Da za a yi wa ɗan acaɓan Legas ko na Kaduna rajista, a koya masa dokar hanya, a ba shi lamba, a keɓe masa unguwannin da zai riƙa kai mutane tashar bas da ta jirgi, sa'an nan a karɓi tsohon baburinsa a matsayin kafin alƙalami na sabo, da an sami tsaro da tsabtar iska ba tare da an jefa kowa cikin yunwa ba.

Bayan janye tallafi

Ran 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin fetur a jawabinsa na kama mulki. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta koma wajen 500 cikin kwana biyu, a watan Oktoba na 2024 kuma ta haura 1,000 a Abuja da arewa. Gaskiya ne tallafin ya ci fiye da naira tiriliyan huɗu a 2022, gaskiya ne kuma mai motoci uku da janareto biyu ya fi mai tafiya a ƙasa morarsa, ban da wanda ake satar fitarwa ƙasashen maƙwabta. Hukuma ta ba da labarin cewa man da ake sha a rana ya ragu da wajen kashi ɗaya cikin uku. Sai dai ba a fafe gora ranar tafiya. An janye tallafin ne tun ba a tanadi motocin da za su kwashi jama'a da rahusa ba, har jihohi irin su Kwara da Edo suka rage wa ma'aikata ranakun zuwa ofis zuwa uku a mako. Ragin hayaƙin da ya samu saboda malamin makaranta ya jingine baburinsa ya koma tafiyar ƙasa, ko saboda mai ciki ta fasa zuwa awo don kuɗin mota, ba abin da za a yi alfahari da shi ba ne.

A watan Agusta na wannan shekara ta 2023 gwamnati ta kafa shirin mayar da motoci su riƙa aiki da matsattsiyar iskar gas. Nijeriya tana da gas fiye da kowace ƙasa a Afirka, shekara da shekaru kuma ana ƙona shi a banza a yankin Neja Delta. Ya fi fetur araha nesa ba kusa ba, toka da farar wutarsa kaɗan ne, ko da yake shi ma yana sakin iskar kabon, ragin bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu ko biyar ba, saboda haka gada ce ta tsallakawa, ba masauki ba. Matsalarsa biyu. Ta farko, kuɗin juya mota a 2024 yakan kai naira miliyan ɗaya ko fiye, abin da ya sa wasu suka nemi ta ɓarauniyar hanya, har wata tukunyar da mai walda ya ƙera ta fashe a wani gidan mai a birnin Benin a watan Oktoba na shekarar. Ta biyu, gidajen sayar da gas ɗin sun soma ne a inda bututu ya kai, watau kudu da kewayen Abuja. Bututun da zai kawo gas daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, mai tsawon kilomita 614, an ƙaddamar da aikinsa a 2020 da wa'adin shekara biyu, wa'adin ya wuce ba a gama ba. Direban Legas ya sami sauƙin da na Sakkwato da na Yola suka ji labarinsa a rediyo kawai, alhali a can ne fetur ya fi tsada.

Motar lantarki ma haka take. Ƙasar Habasha ta hana shigo da ƙananan motoci masu shan fetur da dizal a 2024, domin tana da wutar madatsun ruwa mai araha. Nijeriya kuwa, mai mutane fiye da miliyan 200, wutar da take rarrabawa takan tsaya ne tsakanin megawat 4,000 da 5,000, a watan Oktoba na 2024 ma yawancin jihohin arewa sun yi fiye da mako guda cikin duhu. Motar lantarkin da aka yi wa caji da janareto ta ɗauke hayaƙi ne daga titi ta kai shi bayan gida. Abin da arewa take da shi a yalwace shi ne rana, kuma Maiduguri ta nuna hanya, inda wani matashi, Mustapha Gajibo, ya soma cire injunan ƙananan bas yana sa musu batir da faifan hasken rana, gwamnatin Borno kuma ta fito da tasi masu lantarki a ƙarshen 2023 a kan kuɗi mai rahusa.

Abin da ya kamata

Ma'aunin da ya dace a riƙa ɗora kowane shiri a kai guda ɗaya ne, watau shin mai ƙaramin ƙarfi zai isa wurin neman abincinsa da sauƙi fiye da jiya, yana kuma shaƙar iskar da ta fi ta jiya? Bisa ga wannan ma'auni, kuɗin da aka tsimi daga tallafin fetur ya kamata wani sanannen kaso nasa ya tafi kai tsaye ga rage kuɗin bas da jirgi, a kuma riƙa bayyana lissafinsa. Gas da batir a fara ba motocin haya da A Daidaita Sahu da babura, su da ke yini a kan titi suna ɗaukar jama'a, kafin a waiwayi motocin manya. Direbobin danfo da kwandastoci da 'yan kamasho a shigar da su cikin sabon tsari a matsayin ma'aikata da masu hannun jari. In kuma za a sa haraji saboda cunkoso, a ɗora shi a kan ƙatuwar motar da ta shiga tsakiyar birni da mutum ɗaya.

Gwamnonin da ke gasar gina gadar sama a Kano da Kaduna da sauran birane su tuna cewa gadar sama mai mota take yi wa hidima, mafi yawan talakawansu kuwa ba su da mota. Kano gari ne shimfiɗaɗɗe, a dā garin kekuna ne, har da masana'antar Raleigh a cikinsa, amma yau wanda ya hau keke a titin Zariya ya sayar da ransa. A 2001 ministan sufuri na lokacin, Cif Ojo Maduekwe, ya yi kira ga jama'a su koma ga keke, ya hau nasa zuwa taron majalisar ministoci a Abuja, wata bas ta ture shi cikin kwata. Mutane suka yi dariya, amma darasin da ke ciki shi ne wa'azi ba ya maye gurbin hanya. Kuɗin gadar sama ɗaya ya isa a shimfiɗa wa masu keke da masu tafiya da ƙafa hanya mai inuwar itatuwa ta kilomita masu yawa, a kuma keɓe wa manyan bas layinsu tun gari bai gama toshewa ba.

Legas ta yi shekara arba'in tana biyan bashin jirgin da aka soke a 1985, yaran da aka binne saboda ciwon huhu kuwa ba su san ma an taɓa yin wannan shawara ba. Masu iya magana sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Kano da Kaduna da Abuja da Fatakwal suna da sauran lokacin da Legas ta rasa, in shugabanninsu za su tsara tituna domin mai tallar ruwan leda da mai goyon nan, su bar na bayan gilashi ya bi layi kamar kowa. Allah Ya ba mahukunta ikon yin adalci, Ya kuma sa a dace, amin.